Sharar da Na Yi a Finland

Tun kafin in taka ƙasar Finland aka cuce ni, kuma wanda ya cuce nin har godiya na yi masa.

A filin jirgin da muka yada zango ne, muna jiran jirgi na biyu. Ni da Malama Saude, malamarmu ta kimiyya, mun takure a kujera muna kallon mutane, sai ga wani mutum da riga mai ruwan ɗorawa da kati rataye a wuya. Ya tsaya a kanmu, ya shinshina iska, ya nuna jakata ta hannu. Ya ce ƙasar da za mu ba a shiga da abinci, duk wanda aka kama sai ɗauri. Malama ta ce in ba shi, ma'aikaci ne. Ina ji ina gani na fito da ƙuli-ƙulin Inna, da yajin daddawa, da kifin da Kaka ya kamo da hannunsa a dam ɗin Tiga ya kyafe mini. Na miƙa duka, na ƙara da, “Na gode, Yallaɓai.”

Da na tafi neman wurin alwala sai na hango shi a bayan wani ginshiƙi, shi da abokinsa. Ya cire katin, sun baje leda, yana gutsurar ƙuli-ƙulin Inna yana lumshe ido. Wallahi har yajin yake dangwala. Na dawo a guje na faɗa wa Malama. Ta ce, “Hafsatu, zauna, nan ba mu da kowa. Allah ya sa ya ƙware.” Ban taɓa jin addu'a mai zafin wannan daga bakinta ba.

Hafsatu sunana, amma in ka je Tiga ka ce Hafsatu sai an tambaye ka wacce. Ka ce Rediyo, ko akuya za ta nuna maka gidanmu. Kaka ne ya laƙaba mini, ya ce tun da aka kunna ni ranar suna ba a sami maɓallin kashewa ba. Shekarata goma sha shida lokacin. Gasar kimiyya ta makarantu na ci, kyautar kuwa ita ce mako uku a ɗakin bincike na wata jami'a, tare da ɗalibai daga ƙasashe daban-daban. Aka ce yarinya ba ta tafi ita kaɗai ba, shi ne aka haɗa ni da Malama.

To, Rediyo aka ɗauka aka kai ƙasar da ba a magana.

Ranar farko a tashar bas na tarar da mutum shida a tsaye, tsakanin kowa da kowa tanka za ta iya wucewa. Na ce ko faɗa suka yi. Na matsa kusa da wata tsohuwa na gaishe ta, na tambaye ta gida, da yara, da gajiya. Ta dube ni, ta dubi jakarta, ta ƙanƙame ta, ta ja da baya taku uku. A cikin bas ɗin kuwa, da na haɗiye miyau sai da na ji kamar na dami direba.

Rana kuma ta ƙi faɗuwa. Lokacin zafinsu ne, wai. Malama ta zauna bakin taga da carbi tana jiran magariba har ta fara gyangyaɗi, rana tana nan ta kafe kamar baƙon da ya ji ƙamshin miya. Abincin ma kada ka tambaya. Dankali ne fari fat, ba yaji, ba gishirin kirki, da wani baƙin burodi da za a iya tokare ƙofa da shi. Duk loma sai na tuna mai rigar ɗorawa na sabunta masa addu'ar Malama.

Ranar Litinin aka rarraba mu. Ni aka ba ni ga wata ɗalibar digirin digirgir, Lan, mutuniyar Vietnam, siririya, gashi a ɗaure da fensir. Ta ce in kira ta Lan kawai. Na ce Allah ya kiyaye, ta girme ni da shekara goma sha wani abu, in Inna ta ji na kira ta da sunanta garau har nan za ta biyo ni da muciya. Ta zama Anti Lan. Sai wani dattijo mai gyaran injuna, Pekka, dogo, farin gemu, na mai da shi Baba Pekka. Na gaishe shi gaisuwar da ta kai minti biyu, ya saurara har ƙarshe, ya ce, “Mm.” Anti ta ce in yi murna, ya so ni.

Anti ce ta koya mini abin da ake yi a wurin. Ta zare fensirin kanta ta ce baƙin abin da ke cikinsa ba dunƙule ba ne, shafi-shafi ne kamar littafi. Ta manna salatif a kan wani ɗan baƙin dutse irin na fensir, ta ɓamɓare, ta ninke, ta sake ɓamɓarewa, ta yi ta yi. Ta ce haka shafukan ke raguwa, har in an yi sa'a a sami shafi ɗaya tak, wanda babu abin da ya fi shi rashin kauri a duniya. Sunansa girafin. Saƙarsa kamar ta raga ce, kowane ido da kusurwa shida. Sai a danna salatif ɗin a kan wasu ƙananan alluna masu sheƙi, kowanne bai fi farce ba, a sa a ƙarƙashin madubi mai ƙara girman abu, a shiga nema.

Na ce, “Anti, duk wannan ginin, da injunan nan, aikin salatif ake yi? Ai da a Kafin Maiyaƙi aka buɗe, ya fi araha.”

Ta yi dariya, ta ce in tsaya. Wutar lantarki in tana tafiya a waya, wani kaso yana lalacewa a hanya, shi ya sa waya ke zafi. Na ce na gane, kamar ruwan dam ne, kafin ya iso gonar Kaka a ƙarshen magudana ƙasa ta shanye rabi. Ta tafa hannu. Ta ce to akwai abubuwan da in an sanyaya su matuƙar sanyi, wuta takan wuce ta cikinsu ko ɗigo bai ɓata ba. Masu lissafi kuma sun ce wataƙila girafin ma zai yi haka in aka ja shi daidai, idanun ragar suka canza siffa. Na ce to ya yi? Ta ce, “Ba wanda ya tabbatar. Shi nake aunawa.”

Ta kai ni na ga firjin da ake sanyayawar a ciki. Wani farin abu ne kamar ganga, rataye, ya fi ni tsawo, yana numfashi kamar sa mai mura. Ta ce cikinsa ya fi sararin da ke tsakanin taurari sanyi, kuma kwana biyu yake ɗauka kafin ya kai. Ɗaya ne tal, kowa da ranarsa, layi ake bi kamar layin ban-ruwa. Nata layin ya kusa.

Yanzu sai na zo kan abin kunya.

A gidanmu baƙuwa kwana uku ake ɗauke mata tsintsiya. Rana ta huɗu in ba ta nema da kanta ba, za a yi maganarta har a gidan biki. Inna ma sai da ta turo mini saƙon murya: “Kada ki zauna matar nan tana yi miki wahala ke kina zuba. Ki tashi da wuri, ki ga abin da ke son hannu.” Teburin Anti kuwa tun ranar farko yake ci mini rai. Guntayen salatif masu baƙin dabbare an lilliƙa su ko'ina, a gefen tebur, a jikin fitila, har a bango. Allunan nan a barbaje cikin murafu, duk sun yi dusu-dusu, wasu da ɗigon alƙalami. Na ce baiwar Allah, karatu ya hana ta gyara.

Ranar Juma'a na riga kowa zuwa. Na naɗe hannun riga. Na ɓamɓare salatif ɗin nan kaf, na dunƙule na jefa a kwandon shara. Na samo tsumma da ruwan sabulu, na bi allunan ɗaya bayan ɗaya na goge, na murza har ina ganin haƙorana a ciki. Akwai guda uku a wani akwati na daban mai murfi, na ce waɗannan na alfarma ne, na ba su murza biyu-biyu. Na jera su daga babba zuwa ƙarami. Na zauna na harɗe hannu ina jiran a sa mini albarka.

Anti ta shigo da kofin shayi. Ta tsaya. Ta ajiye kofin a hankali, kamar mai ajiye jariri.

“Hafsa, ina abubuwan da ke nan?”

“Na gyara miki, Anti,” na ce, baki har kunne.

Ta ɗauki ɗaya daga cikin ukun nan ta sa a madubi, ta daɗe tana dubawa. Ta sa na biyu. Ta sa na uku. Sai ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa, ta jingina da ƙafar tebur.

A nan murmushina ya mutu. Da ma zagina ta yi, da na san yadda zan yi. Da murya ƙasa-ƙasa ta ce mako bakwai ta yi kafin ta sami shafukan kirki uku, su ne a akwatin. Dusu-dusun da na goge shi ne aikin. Saura kwana tara layinta na firji ya zo, in ta rasa shi sai bayan wata biyar. Wannan awon shi ne babi na ƙarshe a littafin digirinta. Ta zaro waya ta nuna mini hoton wata yarinya mai giɓi, da jakar makaranta da ta fi ta girma. 'Yarta ce, shekara shida, tana wurin kakarta. Rabonta da ita shekara biyu, kuma ta yi mata alkawarin za ta gama ta dawo gida kafin bikin sabuwar shekararsu.

“Yanzu me zan ce mata?” Ba ni take tambaya ba, bango take kallo.

Na yi kuka irin wanda ake ji daga Tiga har Doguwa. Malama ta zo aka faɗa mata, ta yi salati, ta durƙusa a gaban Anti tana ba da haƙuri. Anti ba ta san me ake nufi ba, ita ma ta tashi ta durƙusa. Baba Pekka ya leƙo ya ga mata uku a ƙasa, ya duba kwandon shara, ya ɗaga dunƙulen salatif ɗin da ƙura da bawon lemo, ya mayar. Ya ce, “Mm.” Wannan “mm” ɗin daban yake da na farko, ko ni na ji.

Da yamma na kira Kaka. Kaka shi ne abokin faɗana, kullum yana cewa ya sake ni saboda ban iya tuwo ba, ni kuma in ce ni na ƙi tsoho mai warin kifi. Yana ɗagawa ya ce, “Amarya, an ga Turawa an manta da mijin talaka?” Da ya ji muryata sai ya bar wasan. Na kwashe komai na faɗa masa.

Ya ce, “Ke dai da za a ba ki ƙasar nan da kin share ta har da sarkinsu. Kin ba ta haƙuri?”

“Sau ɗari, Kaka.”

“To ya ishe ta, kada ki ƙara. Shekarar da aka tashe mu daga tsohon gari saboda dam, ban iya kwale-kwale ba, na bi ta kan ragar wani mutum na yaga ta gida biyu. Ita kaɗai gare shi. Da safe na je na zauna kusa da shi yana ɗinki. Bai kula ni ba. Washegari na koma. Rana ta uku ya turo mini zare da ƙafa.”

“Me ka ce masa a kwana biyun?”

“Ba komai. Nan ne zai yi miki wuya, Rediyo.”

Washegari Asabar, ba kowa a ginin sai Anti. Tana ganina ta ce, “Kada ki taɓa komai.” Na ce to. Na ja kujera na zauna a bayanta. Tana manna salatif, tana ɓamɓarewa, tana dannawa, tana leƙa madubi. Ni kuwa maganganu sun taru a maƙogwarona kamar fasinjoji a ƙofar mota. Labarin mai rigar ɗorawa ya zo, na haɗiye. Labarin ranar da jakin maƙwabcinmu ya shiga aji ya zo, na haɗiye. Zuwa la'asar cikina ya kumbura da labarai, na tabbata da an soka mini allura da tatsuniya ce za ta fito.

Lahadi ma haka. Wajen azahar na ga tana murza ido, sun yi jajir, tana ɗaga kai tana kallon rufi. Ba ta juyo ba ta ce, “Zo ki duba mini. In kin ga wani abu kamar inuwa, kada ki taɓa, ki kira ni.”

Na kira ta sau arba'in kafin magariba, wato magaribar agogo. Na farko ƙura ce. Na biyu danƙon salatif. Na bakwai gashin idona ne. Ta nuna mini bambancin: mai kauri yana ƙyalli, fari ko ruwan ɗorawa, shi ba ya ɓuya. Wanda muke nema kuwa launinsa da na allon kusan ɗaya ne, shunayya a kan shunayya, kamar sawun ɗigon ruwa da ya bushe a kan atamfa.

Ranar Litinin na gane abin da nake yi ba daidai ba. Ina ta zarya da ido ko'ina, inda ya yi ƙyalli nan nake tsayawa. Sai na tuna yadda Inna take sa ni tsince shinkafar gida a faranti. In ka bi baƙin dutse, shi kowa yana gani. Mai karya haƙori shi ne farin, wanda ya yi kama da shinkafa, kuma ba a samunsa sai an fara daga gefe an bi layi-layi, ba a tsallake ko'ina. Shekara takwas ina wannan aikin ina ƙunƙuni. Na koma kusurwar allo na fara bi a jere.

A ranar ce Baba Pekka ya shigo, ya tsaya a kaina yana kallon yadda nake miƙa wuya. Ya fita, ya dawo da katako ya ɗaga mini kujerar. Sannan ya ajiye wani ƙunshi a bakin ƙofa, nesa da teburin, ya nuna ni ya nuna shi. Na fita na buɗe: kyafaffen kifi, har da ɗuminsa. Ashe Malama ta ba shi labarin filin jirgi. Na ci ina hawaye, ƙamshin hayaƙin sak na bayan ɗakin Kaka. Ya zaro waya ya nuna mini ɗan jirgin ruwansa a bakin wani tafki, ni ma na nuna masa Kaka a kwale-kwale da hular kaba. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, “Wannan mutumin ya san ruwa.” Kalma biyar a jere! Anti ta ce a shekara huɗu ba ta taɓa samun fiye da uku ba.

Talata da hantsi na ga wata inuwa. Na rufe ido na buɗe, tana nan, mai siffar ganyen zogale. Na ce, “Anti,” a hankali, don na riga na ƙarar da mutuncin kiran. Ta zo ta leƙa. Ta kai allon gaban wani inji ta haska masa haske, ta dawo tana tafiya da sauri-sauri.

“Shafi ɗaya ne,” ta ce. “Kuma babba.”

Na tashi zan yi rawa ta riƙe mini hijabi. Ta ce da sauran aiki, sai an ɗauke shi daga nan an ɗora a kan abin da zai ja shi. Ta zauna yi da rana, ina tsaye a baya ina karanto duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. A allon kwamfuta na ga ganyen namu yana sauka a hankali, a hankali. Sai hannun Anti ya ɗan goce. Ganyen ya tsage, ya naɗe kamar tabarma.

Muka tsaya muna kallonsa. Anti ta kifa kai a tebur, kafaɗunta suna motsi, na ce shi ke nan kuka take. Da ta ɗago ashe dariya ce ta haɗu da hawaye. Ta ce, “To, ke kin kashe uku, ni na kashe ɗaya. Kina gaba.” Ta jawo salatif ta yanko, ta miƙo mini da hannunta. Ranar ce ta fara barina in ɓamɓare da kaina.

Haɗa wa shafin wayoyi kwana uku yake ci, firji kuma ranar Lahadi ne. Wato in Alhamis ta wuce ba mu samu ba, an gama. Laraba muka wuni ba komai. Na ga shunayya har a cikin dankali. Malama ta bar yawon da aka shirya wa malamai, ta zo ta zauna a waje da carbi, duk wanda ya wuce ta ce masa sannu ya firgita. Alhamis da safe ba komai. Da rana ba komai. Anti ta daina kallon agogo, ni na kama kallo a madadinta. Saura allo biyu a murfi na kai can gefen ɗaya, wurin da ake cewa ba a samun abin kirki, na ga wani ɗan tsigi, rabin na farko, a maƙale kusa da wani ƙaton mai ƙyalli kamar ɗan tsako a gindin kaza.

Anti ta duba ta ce ƙarami ne, amma zai yi. Wannan karon kafin ta ɗauke shi sai da ta ce in fita. Na ce ba zan yi magana ba. Ta ce ta sani, numfashina ne yake da surutu. Na fita na zauna kusa da Malama. Bayan wani lokaci da na ɗauka shekara ce, ƙofa ta buɗe, Anti ta leƙo ta ɗaga babban yatsa.

Ranar Lahadi Baba Pekka ya rufe gangar da ɗan tsigin namu a ciki. Kwana biyu tana sanyaya. Duk safiya sai na je na gaishe da ita, na ce, “Sannu da sanyi.” Sauran ɗalibai sun je yawon tafki, sun dawo da hotuna. Ni abin da na gani a Finland shi ne salatif.

Laraba aka fara awo, saura kwana biyu mu tafi. Anti ta kafa doka: ba waya, ba buga ƙafa, ba jan kujera, don motsi kaɗan yakan ɓata awon. Muka zauna gaban kwamfuta. Ta ce tambaya ta farko, yana da rai? In ya tsage a sanyi, wuta ba za ta wuce ba, kuma ba a buɗe firji a gyara. Ta danna. Wani koren layi ya fito yana tafiya. Ta saki numfashi. Ta rubuta mini a takarda: yana da rai.

Layin shi ke nuna yawan wutar da ke ɓata a hanya. In ya sauka har ƙasa, ya kwanta a kan sifili, to an ga abin da ake nema. Ta fara jan shafin da wani ɗan maɓalli, kaɗan, ta jira, ta ƙara kaɗan. Duk dannawa sai na ji kamar jijiyar wuyana ake ja. Layin ya yi tafiyarsa a miƙe. Can sai ya sunkuya. Ya ƙara sunkuyawa. Na cusa gefen hijabi a baki na cije. Ya gangara, ya gangara, ina cewa a raina sauka, ɗan albarka, sauka, sai ya tsaya a tsakiyar hanya ya miƙe abinsa kamar jakin da ya ga kwalbati.

Anti ta sassauta, layin ya koma sama. Ta sake ja, ya sake sunkuyawa, ya tsaya a wuri ɗaya. Sau biyar tana yi. Ta adana komai, ta tashi, ta ja hannuna muka fita baranda.

Na ce, “Anti, bai kai sifili ba. Da ukun nan naki ne, wataƙila da ya kai.”

Ta ce, “Wataƙila. Wataƙila kuma da haka za su yi. Ba wanda ya sani, Hafsa, shi ya sa ake aunawa. Ni abin da nake buƙata shi ne in nuna abin da ja yake yi masa, kuma in na maimaita ya maimaita. Kin gani da idonki, sau biyar.”

“To babin?”

“Zan rubuta shi.”

“To yarinyar?”

Ta zaro waya ta danna, ta jingina da bango. Fuskar mai giɓin nan ta cika allon, da shinkafa a kumatu. Anti ta yi mata magana da yarensu, gajeriya, ba ta fi numfashi ɗaya ba. Ban ji ko kalma ba. Yarinyar ta zaro ido, ta yi mata tambaya, Anti ta gyaɗa kai. Sai yarinyar ta ƙwalla ihu ta jefar da wayar, muka koma kallon rufin ɗakinsu, muna jin ƙafafunta tana zagaye gida tana kiran kakarta.

Ni ban san lokacin da abin ya zo ba. Shirun kwana goma sha biyu ne ya taso tun daga tafin ƙafata. Na kama hanci, na ɗaga kai, na rangaɗa guɗa, irin wadda gwaggona take yi in an shigo da amarya, mai tsawo, mai lanƙwasa a ƙarshe.

Ƙofofi suka buɗe a jere. Mutanen da na yi mako uku ban ji muryarsu ba suka fito suna tambayar juna. Wani ya fito da takalmi ɗaya. Malama ta taho a guje tana, “Hafsatu! A jami'ar mutane?” Anti ta zame ƙasa tana dariya har da riƙe ciki. Sai ga Baba Pekka daga ƙarshen baranda, yana gudu, rungume da jar tukunyar kashe gobara.

Ya tsaya a gabana yana haki. Ya ce, “Wuta?”

Na ce, “A'a, Baba. Murna ce. Haka muke yi a gida.”

Ya dubi Anti a ƙasa, ya dubi wayar da har yanzu ihu ke fita daga cikinta. Ya ajiye tukunyar a hankali, ya je ya ja ƙofar ɗakin firji ya rufe ta ruf, ya dawo ya harɗe hannu.

Ya ce, “Sake.”